Nisan Kilomita 400: Me Ya Sa Tikitina Ya Nuna Sa'a Ɗaya da Minti 10?

Tambaya: Malam, na duba taswira na ga tsakanin filin jirgin da zan tashi da wanda zan sauka kilomita 400 ne, an kuma ce jirgi yana gudun kilomita 800 a sa'a, amma tikitina ya nuna sa'a ɗaya da minti 10. Wanda ya yankar mini tikitin ya ce tafiyar rabin sa'a ce, don haka zan riski wani jirgin da na yanki tikitinsa daban, mai tashi minti 40 bayan lokacin saukar da ke jikin tikitina. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya. Lokacin da ke jikin tikiti ana ƙirga shi ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda ya ɗauki fasinja har zuwa sa'ar da ya tsaya cak inda zai sauke su, wato har da tafiyarsa a ƙasa da jiran izinin hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage a bakin titin tashi. Gudun kilomita 800 kuwa sai jirgi ya kai ƙololuwar samansa yake yin sa, kuma a gajeriyar tafiya irin taka da ƙyar zai daidaita a can kafin ya fara gangarowa. A sararin ƙasashe da dama ma doka ta hana jirgi wuce kimanin kilomita 460 a sa'a matuƙar yana ƙasa da ƙafa 10,000. Ga shi ba ya bin miƙaƙƙen layin taswira, akwai hanyoyin da aka shata masa, ga iska da kan tare shi ta gaba. Idan mai farfela ne irin ATR 72, gudunsa bai fi kilomita 500 da 'yan kai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafin nan na raba nisa da gudu, wanda ɗan kamasho zai iya yaudarar matafiyi da shi don dai ya sayar da tikiti biyu. Minti 40 ɗin nan a takarda kawai yake. Sai an kawo matakala an buɗe ƙofa, ka bi layi ka sauko, ka tsaya jiran jakarka, domin tikiti daban-daban ba ya sa a miƙa kayanka kai tsaye zuwa jirgi na biyu. Sannan ka koma kantar awon kaya, wadda kamfanoni da yawa ke rufewa minti 40 zuwa sa'a ɗaya kafin tashi. Ke nan ko da jirginka na farko bai yi lattin daƙiƙa ɗaya ba, za ka iya taka ƙasa ka tarar an riga an rufe kanta. Kamfani na biyu ba ruwansa da dalilinka, zai rubuta cewa ba ka zo ba, wasu ma har tikitin dawowa suke sokewa, shi kuwa ɗan kamasho ya riga ya karɓi la'adarsa ya kashe waya.

Ka koma wurin kamfanin jirgin da kanka a haɗa maka tafiyar a tikiti ɗaya, domin a nan ne nauyin sauya maka jirgi yake hawa kansu idan an yi latti. In hakan bai yiwu ba, ka ɗaga jirgi na biyu ya zama da ratar sa'a uku aƙalla, musamman lokacin damina ko hazo.