Me Ke Neman Ƙarar da Goggon Birin Kuros Riba?

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai goggon biri a dazukan Najeriya, kuma wai ya kusa ƙarewa. Dabba mai ƙarfi irin wannan, me zai ƙarar da ita?

Amsa: Akwai shi, malam, a duwatsun da ke kan iyakar Jihar Kuros Riba da Kamaru. A ɓangarenmu yana Dutsen Afi, da Duwatsun Mbe, da yankin Okwangwo. A Kamaru kuma yana Takamanda da Kagwene. Duka waɗanda suka rage ba su wuce 300 ba, kuma babu jinsin goggon biri da ya kai shi ƙaranci a duniya.

Ƙarfin da kake magana a kai ba ya tare harsashi, ba ya kwance tarkon waya. Amma abin da ya fi damuna shi ne jinkirin haihuwarsa. Macen ba ta fara haihuwa sai ta kai kimanin shekara 10. Tana ɗaukar ciki wata takwas da rabi, ta haifi ɗa guda, ta shayar da shi wajen shekara uku, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa sai ta yi shekara huɗu ko fiye. Ka ga in maharbi ya kashe uwa ɗaya, ya kashe har da ɗan da ke maƙale a jikinta, da duk waɗanda za ta haifa nan gaba.

Ga kuma dajin da aka datse gunduwa-gunduwa da gonaki da hanyoyi da saran katako. A al'adar goggon biri, mace in ta balaga takan bar garken da aka haife ta ta koma wani. To, in gona ta raba wannan dutse da wancan, ina za ta je? Sai dangi su yi ta haihuwa da juna, zuriyar ta raunana. Shi ya sa a ganina kare zirin dajin da ke haɗa duwatsun nan bai gaza hana farauta muhimmanci ba.

Aikin kuma yana yiwuwa. A Mbe, ƙauyuka tara ne suka haɗa kai suke tsaron dajinsu tare da ƙungiyar kare namun daji ta WCS. A 2020 aka fitar da hotunan da na'urorin ɗaukar hoto da aka ɗaure a bishiyoyi suka ɗauka a can: garke guda, da 'ya'ya ƙanana a cikinsa.