Fitilar cikin Peugeot 504 ta ƙi kamawa in an buɗe ƙofa

Ɗan'uwa, ka ce fitilar rufin 504 ɗinka ba ta kamawa in ka buɗe ƙofa, kana so ka sake mata wayarin. To abin da ke rikita mutane shi ne wannan ɗan makunnin na jikin ƙofa ba ya ba da wuta, negatif kawai yake haɗawa da bodin mota.

Ka fara cire kan batir. Sai ka ja waya mai wuta volt 12 wadda ba ta bi ta makulli ba, ka sa mata fiyus, amfiya 5 ma ya isa, ka kai ta ƙafa ɗaya ta fitilar, ɗaya ƙafar kuma ka raba ta zuwa makunnin kowace ƙofa, ta yadda duk wadda aka buɗe maɓallin zai fito ya taɓa bodi fitila ta kama.

Amma don Allah kafin ka yanke ko waya ɗaya, kwance makunnin ka goge tsatsa da fentin da ke ƙarƙashinsa da sanfefa, yawancin tsofaffin motocin nan matsalar kenan wallahi. In ƙwan LED ka sa ya ƙi kamawa, juya shi, yana da gaba da baya.