Taba da Aikin Dare: Yaya Zan Rabu da Ita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a Gombe. Nakan sha sigari kara 12 a rana, galibi a aikin dare don in kori barci. Sau biyu ina bari, ban taɓa wuce kwana uku ba. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kwana ukun nan da kake karyewa, a nan ne ƙishirwar nikotin, wato sinadarin da ke sa mutum ya kamu da taba, ke kaiwa maƙura, daga nan sai ta riƙa lafawa cikin mako 2 zuwa 4. Don haka kada ka tsayar da ranar bari a makon aikin dare. Ka fara a ranar farko ta hutun da ke biyo baya.

Tunda ka haura kara 10, filastar nikotin mai miligiram 21 ce daidai da kai na mako 6, sannan mai 14 mako 2, mai 7 mako 2, kana sauya wurin mannawa kullum don kada fata ta yi ja. In cingam ɗin nikotin ka samu, mai miligiram 4 za ka saya idan kakan kunna karan farko cikin minti 30 da farkawa, in ba haka ba mai 2. Ba a tauna shi kamar cingam ɗin yara. Ka ɗan tauna, da ka ji yaji-yaji sai ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi. Mai tauna shi ba tsayawa shaƙuwa da ƙwannafi yake samu. In kana da ciwon zuciya, fara ganin likita.

Ga abin da ke kayar da masu aikin dare da yawa. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin sarrafa sinadarin da ke cikin goro da Nescafe. Da ka daina, goron da ka saba ci sai ya daɗe a jikinka: hannu na rawa, gaba na faɗuwa, ka sauka aiki da safe barci ya ƙi zuwa. Sai ka zaci rashin taba ne, ka koma. Ka rage su da rabi tun ranar farko.

Kafin ranar bari, don Allah kada ka sha taba sanye da rigar aiki. Dokar taba ta 2015 ta hana sha a asibiti, kuma ragowar hayaƙin na maƙalewa a yadi da yatsu, ka shiga da shi ɗakin jarirai ko gefen gadon mai asma.