Tambaya da Amsa: Masu ƙaura sun cika bakin teku, ina makomar gidan hayar 'yan hutu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gida mai ɗaki biyu a wani gari na bakin teku, ina ba 'yan hutu hayarsa kwana-kwana. Shekara biyu ke nan mutane na ta ƙaurowa garin, wasu 'yan fansho, wasu masu aiki ta intanet. Wannan zai ƙaro mini baƙi ne ko zai rage su? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zai ƙaro, sai dai ba irin baƙin da kika saba da su ba, kuma ba a watannin da kika saba ba.

Mai shirin ƙaura ba ya sauka yau ya sayi gida gobe. Yakan kama haya ta wata ɗaya zuwa uku yana zagaya unguwanni, yana jiran takardun ciniki ko a gama masa gyara. Mai wayo a cikinsu ma lokacin da gari ya yi shiru yake zuwa, don ya ga ainihin wurin bayan 'yan hutu sun watse. Waɗannan su ke cike miki watannin da gidan ke zaman banza. Bayan sun zauna kuma, dangi da abokai za su riƙa kawo musu ziyara, gidansu ba zai ɗauke kowa ba, sai a nemi na kusa. Ga magina da masu gyaran wuta da famfo da sabbin gine-gine ke janyowa. Kamfanin Airbnb, mai haɗa masu gida da masu neman masauki ta intanet, ya bayyana cewa a 2021 da 2022, kusan kwana ɗaya cikin kowane biyar da aka kama ta hannunsa na masu zaman kwana 28 ne zuwa sama. Ƙasashe ma sun farga: Fotugal ta buɗe bizar masu aiki daga nesa a Oktoban 2022, Sifaniya ta biyo baya a 2023.

Inda gizo ke saƙar shi ne, baƙonki na bana yana iya zama abokin gasarki baɗi. Da yawansu idan sun sayi gida sukan ware wani sashe su sa a haya. Don haka duk ƙarshen wata ki ƙirga gidajen haya da ke tallata kansu a tazarar kilomita ɗaya daga naki, ki rubuta farashinsu. In yawansu na hawa farashi kuma na tsaye, masu gida sun fara yi wa baƙi yawa.

Tambaya: To in haka ne, ya fi riba in koma ba da gida wata-wata idan kasuwa ta kwanta? Daga wani mai gidan haya.

Amsa: Malam, alƙalami ne zai raba gardamar. Ga misali, ka sa naka alƙaluman a madadinsu. A ce watannin shiru tara ne, wato kwana 275. In ɗaya cikin huɗu ne ke samun baƙo, kwana 69 ke nan, a kan 60 kowane dare ka tashi da 4,140. In kuwa ka samu mai biyan 900 a wata, ko da wata bakwai kawai aka zauna, 6,300 ne. Sannan baƙin kwana uku-uku za su sa ka share gida da wankin zannuwa sau 23, mai zaman wata kuwa sau biyu ko uku.

Amma a nan mutane ke kwafsawa. Ɗan hutu wuni yake a waje, mai aiki daga gida kuwa esi na kunne tun safe har dare. In ka cusa kuɗin wuta cikin kuɗin haya ba tare da iyaka ba, ribar ta tafi. Ka karanta mita ranar shiga da ranar fita, ku ɗauki hotonta tare, ka rubuta a yarjejeniya adadin da ke kanka, abin da ya haura nasa ne. Ka gwada ƙarfin intanet ɗin ka faɗi gaskiyarsa a talla, don mai taron bidiyo kullum ba zai yi haƙuri da layi mai yankewa ba. Ka sa teburi da kujerar da za a iya wuni a kai, da injin wanki.

Iskar teku kuma ba ta raga wa ƙarfe. Gishirin da take ɗauke da shi yana cin bayan esi da makullai da hinjin ƙofa, shi ya sa ake ɗauraye na'urar esi ta waje da ruwa mai tsabta aƙalla sau ɗaya a wata, bayan an kashe wutarta. Danshi na sa bango da katifa su yi fumfuna idan ana shanya a ɗaki tagogi a rufe. Ka sanya a yarjejeniya cewa za a shigo dubawa duk bayan mako biyu, tare da sanarwa tun kafin ranar.

Babban tarkon shi ne ranar fita. A wurare da dama, wanda ya wuce wasu kwanaki a gida doka na ɗaukarsa cikakken ɗan haya, fitar da shi sai da notis, wani lokaci sai kotu. Ka tambayi lauya iyakar a yankinka kafin ka karɓi ko sisi, ka tsayar da ranar fita mako biyu kafin kasuwa ta buɗe, ka kuma tabbatar inshorarka ta shafi zama mai tsawo.

Tambaya: Ina son sayen gida na biyu don wannan sana'a. Me zan fi kula da shi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Doka, Hajiya. Idan masu ƙaura da 'yan hutu suka haɗu kan gidaje kaɗan, haya na tashi, 'yan gari su rasa matsuguni, hukuma kuma ta sa baki. A 2016 mutanen St Ives da ke Cornwall a Ingila suka kaɗa ƙuri'ar hana sayar da sabbin gine-gine ga wanda ba zai zauna ciki ba. A yankin Wales na Birtaniya, tun Afrilun 2023, sai gida ya samu baƙi na kwana 182 a shekara kafin a lissafa shi a matsayin wurin kasuwanci wajen biyan haraji, kuma ƙananan hukumomi na iya ɗora ƙarin haraji har kashi 300 cikin ɗari kan gida na biyu. Hukumar birnin Basalona na Sifaniya ta sanar a 2024 cewa lasisin gidajen 'yan hutu kusan 10,000 ba za a sabunta su ba bayan Nuwamban 2028. Kafin ki biya kafin alƙalami, ki je ofishin ƙaramar hukuma ki ji ko ana ba da sabon lasisi, ko na tsohon mai gida zai koma sunanki, sannan ki lissafa ko hayar shekara-shekara kaɗai za ta iya riƙe gidan idan aka rufe hanyar hayar 'yan hutu.