Anti, abokaina duk sun yi kuɗi, ni ina nan da alli a hannu

Salamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a jihar Katsina, ina da mata da yara. Matsalata grup ɗin 'yan ajinmu na sakandare ne a WhatsApp, kullum sai wani ya sa hoton sabuwar mota, wannan ya tare a gidansa a Abuja, wancan yana Umara, ni kuwa albashina ko tsakiyar wata ba ya kaiwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ma babur ɗina jingine yake sai ranar kasuwa nake tayar da shi. Kwanan nan aka ce a yi karo-karon bikin ɗayanmu, da na ga abin da mutane ke turawa wallahi kunya ta hana ni tura nawa. Matata ba ta taɓa yi min gori ba, amma ni ji nake kamar na ɓata rayuwata. Ta yaya mutum zai san ya ci gaba in babu kuɗi?

Wani malami daga Katsina

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba zan ce maka kuɗi ba komai ba ne, mai faɗin haka bai taɓa tsayawa a kemis da takardar magani a hannu aljihu wayam ba. Mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 kowa ya san ba ya riƙe gida, don haka ka nemi ƙari, ko noman damina ko kiwon awaki ko lesin da yamma. Neman rufin asiri dole ne.

Amma abin da ke cin ranka daban ne, kana auna kanka da mudun wasu. A grup mota kawai ake nuna maka, ba mai sa hoton bashinsa ko rashin barcinsa. Manzon Allah (SAW) ya ce wadata ba yawan dukiya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Kuma ka tuna Malam Aminu Kano ma malamin makaranta ne, ya koyar a Bauchi da Maru, da ya rasu a 1983 ba dukiya ya bari ba, amma yau sunansa ke kan filin jirgin saman Kano kuma har gobe talakawa na sa masa albarka.

Ka samu littafi ka riƙa tambayar kanka duk ƙarshen zango. Yara nawa suka shigo ajinka ba su iya haɗa baƙi ba suka fita suna karatu? Wannan na fi so ka ƙirga da kyau, don yaron ƙauye da ya iya karanta takardar asibitin uwarsa, kai ka ba shi, kuma ba mai ƙwace wannan. Ana kawo maka ajiya? In ka dawo gida 'ya'yanka rugowa suke ko ɓuya? Inda ka ga gibi ka gyara, kar ka yi wa kanka ƙarya.

Batun karo-karo, ka tura abin da Allah ya hore maka ta wajen mai tarawa ba sai an sanar a grup ba, in grup ɗin na hana ka sukuni ka kashe ƙararsa na ɗan lokaci, zumuncin ka yi shi da kira da ziyara. Matarka kuma da ba ta yi maka gori, yau ɗin nan ka zaunar da ita ka gode mata, ka faɗa mata abin da ke damunka. Allah ya buɗa.