Tifa ta karya mini cinya, mai mota ya aiko da takardar yafiya

Tambaya: Salamu alaikum Barista. Ni tela ne a Katsina. Wata biyu da suka wuce ina kan babur ɗina a hanyar Daura, kusa da Mashi, wata tifar yashi ta shigo hannuna ta buge ni, cinyata ta karye. An fara kai ni wurin mai ɗori, da abin ya ƙi aka kai ni asibiti aka saka ƙarfe. Mai tifar ya aiko da naira dubu 150 da takarda wai in sa hannu cewa na yafe. Dattawan unguwa suna cewa ƙaddara ce, in karɓa in haƙura. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Kada ka sa hannu a takardar nan yanzu. Idan a ciki an rubuta cewa ka karɓi kuɗin a matsayin cikakken haƙƙinka, to ranar da likita zai ce sai an sake aiki ko a cire ƙarfe, da wuya kotu ta sake sauraronka. Kuɗin magani kana iya karɓa, amma a rubuta cewa wani ɓangare ne na ɗawainiyar asibiti, magana ba ta ƙare ba.

Dattawa sun yi gaskiya, ƙaddara ce. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa soke haƙƙi ba. Alƙur'ani da kansa ya wajabta diyya a kisan kuskure, malaman fiƙihu kuma sun yi bayanin diyyar gaɓoɓi dalla-dalla. A mazhabarmu ta Malikiyya ma ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga yadda ya bar mutum. Yafiya alheri ce babba, amma ta wanda ya san abin da yake yafewa ce, kai kuwa har yau ba ka san ko ƙafar za ta koma taka keken ɗinki ba.

A dokar ƙasa, abin da za ka tabbatar shi ne sakacin direba ne ya jawo maka rauni. Shiga hannun wani hujja ce mai ƙarfi, amma fa sai an nuna ta. Ka tura wani naka ofishin 'yan sandan da suka je wurin, a nemi rahotonsu da zanen da suka yi na inda tifa da babur suka tsaya, da rahoton jami'an duba lafiyar motoci idan sun duba birkinta. Idan jami'an kiyaye haɗurra ne suka ɗauko ka, su ma suna da rubutu. Waɗanda abin ya faru a gabansu, a karɓi sunayensu da lambobinsu tun ba su manta ba. Shari'ar da 'yan sanda za su yi da direba kan tuƙin ganganci daban take da taka. Ko an ci shi tara, aljihun gwamnati za ta shiga.

Ba direba kaɗai za ka nema ba. In dai yaron mai tifar ne kuma yana bakin aikinsa lokacin da abin ya faru, doka ta ɗora wa maigidansa alhakin, don haka su biyu ake haɗawa a ƙara. Sannan akwai inshora, wadda mutanenmu suka ɗauka takardar nuna wa 'yan sanda ce kawai. Dole ne kowace mota da ke hawa titi ta kasance da inshorar da za ta biya wanda ta yi wa ɓarna. Tun watan Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira dubu 15 ga ƙaramar motar gida, inshorar tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Wannan iyakar ta dukiya ce, ba ta raunin jiki ba. Da lambar tifar ana iya dubawa a rumbun bayanan inshora na NIID a ga ko takardarta ta gaske ce. In ta gaske ce, lauyanka ya sanar da kamfanin a rubuce da wuri. In jabu ce, haƙƙinka na nan a wuyan mai mota.

Inda na fi so ka mai da hankali shi ne lissafi, don a nan talaka ke yin asara. Diyya kashi biyu ce a kotu. Akwai abin da ka kashe ko ka rasa wanda ake iya ƙirgawa: kuɗin aiki, hoton ƙashi, magani, motar zuwa asibiti, gyaran babur, da cinikin da ya wuce ka kana kwance. Wannan alƙali ba ya ƙiyasta shi, sai ka jera shi ɗaya bayan ɗaya ka kawo shaida. Ka samu leda guda ka riƙa tara kowane rasidi, har na kemis. Mai ɗori ba ya ba da rasidi, to ya rubuta abin da ya karɓa a gaban shaida, ko ya yarda zai zo ya faɗa. Littafin awonka, wanda kake rubuta sunan mai kaya da kuɗin ɗinki, shi zai nuna abin da kake samu a wata, balle idan kwanciyar ta ci maka kasuwar Sallah. Kashi na biyu shi ne raɗaɗin da ka sha da nakasar da za ta iya biyo baya. Wannan alƙali ne ke ƙiyasta shi, kuma rahoton likitan ƙashi zai dogara da shi. Ka nemi likitan ya rubuta irin karayar, aikin da aka yi, da abin da ya rage a gaba.

Ka shirya jin ɗaya ɓangaren sun ce kai ma da naka laifin, ko gudu kake yi, ko ba ka sa hular kwano ba, ko zuwa wurin mai ɗori ne ya ɓata ƙafar. Ko kotu ta yarda da wani abu a ciki, rage diyyar take yi gwargwadon laifinka, ba ta soke ta gaba ɗaya. Rashin hula kuwa ba shi ya karya cinya ba.

Batun kotu: idan tsakaninka da direba da mai mota ne, duk Musulmi, Kotun Shari'ar Musulunci na iya duba maganar diyya. Idan kuwa ana son kuɗin ya fito daga kamfanin inshora, ni Babbar Kotun Jiha nake ba da shawara. Ƙara tana da wa'adi, kada a yi ta jan ƙafa. Ka bincika yau ɗin nan ko tifar ta wata hukumar gwamnati ce, domin dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar, kai kuma ka riga ka cinye biyu.

Ban ce kada a yi sulhu ba, sau da yawa ya fi shari'a sauri da sauƙi. A zauna da dattawan bayan an samu rahoton likita, lissafi na gabanka, a rubuta abin da aka amince da ranakun biya, lauya ya karanta kafin ka sa hannu. In ba ka da halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa tana da ofishi a Katsina, kuma ƙarar haɗarin mota na cikin abin da take tsaya wa marasa hali kyauta. Ka tafi musu da kwafin takardar da aka aiko maka, da katin asibiti, da lambar tifar.