Gyaran Ɗaki da Kuɗi Kaɗan: Tambayoyinku da Amsoshin Masu Sana'a

Wasiƙun wannan fitowa daga unguwannin Zangon Kumasi suka fito, kuma magini da kafinta da tela da ke aiki da wannan shafi ne suka haɗu suka amsa.

*Assalamu alaikum. Ciki da falo muke haya a Aboabo. Kafin Babbar Sallah na sa an yi fenti, ga shi ko wata huɗu ba a yi ba ƙasan bangon ya kumbura, yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa. Mai fentin ya ce fentin ne mara kyau, in sayi na mai. In saya? Magidanci, Aboabo.*

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka saya tukuna. Fentin mai zai rufe bangon kamar leda, ruwan da ke ciki ya rasa hanyar fita, sai ya tura fentin ya yi ƙuraje manya fiye da na yanzu. Farin garin nan gishiri ne da ruwa ke kwasowa daga ƙasa da cikin bulo, in ruwan ya bushe sai ya bar shi a fuskar bango.

Ka fara gano inda ruwan yake fitowa. Yanko leda mai kauri, kamar ƙafa ɗaya kowane gefe, ka manna ta a wurin da salatif, ka rufe gefunan huɗu sosai, ka bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga jiƙa tsakanin leda da bango, daga cikin bangon ruwan yake. In a fuskar ledar da ke kallon ɗaki ya taru, gumin ɗaki ne, na girki da shanyar kaya da rufe taga, maganinsa kuwa iska. Sannan ka duba tsayin tabon. Laimar da ke tasowa daga ƙasa ba kasafai take wuce mita 1 ba, kuma takan bar layi kamar na bakin rafi. Tabon da ya sauko daga sama, na kwano ne ko na famfon da ke yoyo. Fita bayan ɗakin ma ka duba: a gidajen haya da yawa kwatar banɗaki ce ke bin gindin bango, ko ruwan indararo ke dukan wuri ɗaya tun daga Afrilu har Yuli. Wani lokaci rabin buhun siminti da za a gyara kwatar da shi ya fi kowane fenti aiki.

Aikin gaskiya shi ne a fasa shafen har a ga bulo, a wuce layin tabon da ƙafa ɗaya, a sake shafe da siminti kashi 1, wankakken yashi kashi 3, da maganin hana ruwa da ake zubawa a kwaɓi. Yashin da ke da laka a ciki shi ke sa sabon shafe tsagewa. A bar shi mako huɗu kafin fenti. Wannan aikin mai gida ne, don haka in kai za ka biya, ku rubuta a takarda cewa za a cire daga kuɗin haya, da shaidu biyu. Maganar baki kan ɓace ranar da wa'adin haya ya cika.

In babu halin wannan, ga na talaka. Kankare duk abin da ya saki, goge gishirin da busasshen buroshin waya, kada ka wanke shi da ruwa domin zai narke ya koma ciki. Inda ya yi baƙi da fumfuna, shafa bilic kashi 1 a ruwa kashi 4, taga a buɗe, ba tare da haɗa shi da wani maganin wanke banɗaki ba, saboda hayaƙin haɗin yana da haɗari. In a ƙarƙashi akwai tsohon fentin mai, jiƙa shi kafin ka goga, kuma ka fitar da yara, domin tsofaffin fentin mai kan ƙunshi dalma. Bayan nan sai farar ƙasa ko fentin ruwa mai sauƙi wanda bango ke numfashi ta cikinsa. Za ka riƙa sabuntawa, amma ba zai kumbura ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, Disamba zuwa Fabrairu. Masu liƙa tayil a ƙasan bango kuwa ɓoye ciwon suke yi: laimar takan haura ta ɓullo a saman tayil ɗin.

*Fenti nawa zai ishi ɗaki ƙafa 12 da 12? Kowane mai fenti da lissafinsa. Wata uwargida, Sawaba.*

Hajiya, ga lissafin ki riƙe. In tsayin bango ƙafa 10 ne, bangon huɗu sun kai kusan murabba'in mita 45. Cire ƙofa da taga, saura 40. Lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe kusan murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, kuma shafa biyu ake yi, wato lita 8 kenan, gwangwani biyu masu lita 4. Silin zai ci ƙarin lita 3. Sabon shafe da bangon da za a mayar daga launi mai duhu zuwa fari sun fi haka sha. Abin da za ki sa wa ido shi ne ruwan da ake ƙarawa. Kofi ɗaya na ruwa a kofi goma na fenti ya isa, sai dai in gwangwanin ya faɗi wani abu dabam. Fentin da aka tsinka da ruwa don ya yaɗu shi ne wanda ke bin rigar duk wanda ya jingina. A bar awa huɗu tsakanin shafa ta farko da ta biyu.

*Ɗakina ɗaya ne, littattafai da kwanuka duk a ƙasa. Na kafa kanta da ƙusa sau biyu tana faɗowa. Ɗalibi, Asawase.*

Ɗan'uwa, ƙusa ba ta riƙe bulon siminti da yashi, musamman wanda aka yi wa rowar siminti. Tana shiga ne ta farfasa kewayenta, nauyi na hawa sai ta zare. Aro injin huda bango, ka yi rami na milimita 8, ka busa ƙurar ta fita, ka tura robar riƙe sukuru mai girman ramin, sannan sukuru mai tsawon inci 2 da rabi. In ramin ya zube ya yi faɗi, ko ka faɗa kogon bulo, cika shi da kwaɓin siminti, ka tura robar tun yana ɗanye, ka jira kwana biyu. Kada ka huda daidai saman soket ko makunnin wuta, ko daidai ƙasansu, nan waya ke bi.

Ƙarafan da za su tallafi katakon kada tazararsu ta wuce ƙafa 2 in littattafai za ka ɗora, in ba haka ba tsakiyar za ta lanƙwashe cikin watanni. Don layi ya miƙe ba sai ka sayi ma'aunin magina ba: siririn tiyo mai haske da ruwa a ciki ya isa. Ka ɗaga bakin biyu a jikin bango, inda ruwan ya tsaya a kowane gefe tsayinsu ɗaya, sai ka sa alama da fensir.

Batun katako, je kasuwar katako ta Sokoban, inda kafintocin Anloga suka koma, ka tambayi guntaye kafin ka yi cinikin cikakken falanki. Katakon da ake kira wawa shi ne mai arha, mara nauyi, mai sauƙin yanka, amma ƙwaro na son sa. In ka ga ƙananan ramuka da gari kamar fulawa na zuba, bar shi a nan. Wanda ka saya, shafa masa maganin ƙwaro a waje, ya bushe, ka goge da samfefa, ka yi masa banish sau biyu har da gefuna da ƙasa. Ka ɗaga ka ji: katakon da ya yi sanyi da nauyi a hannu ɗanye ne, zai karkace yana bushewa. Katakon odum ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, amma kuɗinsa ba na kantar ɗalibi ba ne. In ku biyu ne, ku haɗa kuɗi ku sayi filawud mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci. Faifai ɗaya ƙafa 4 da 8 ne, ana tsaga shi gida huɗu a tsaye, kowa ya tashi da dogayen kantoci biyu.

*Labulen kanti ya fi ƙarfina. Atamfa za ta yi? Amarya, Akwatia Line.*

Za ta yi, amarya, har ta fi kyau in an ɗinka daidai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yanka daidai faɗin taga, sai ya rataya kamar zanin shanya. Ki ninka faɗin sandar sau biyu. Taga mai ƙafa 4, sandarta ta zarce inci 6 kowane gefe, ta zama ƙafa 5, kina son yadi mai faɗin kusan ƙafa 10, amma falle biyu na atamfa, da ke ba da kusan ƙafa 8, ba za su ba ki kunya ba. Yadi 6 zai fitar da falle biyu masu yadi 3, wanda ya isa daga sama har ƙasa da kalmasa. A kafa sandar inci 6 zuwa 8 sama da taga, ɗakin zai yi kamar ya ƙara tsayi, kuma ta ɗan nisanci bango don kada labulen ya riƙa maƙalewa a gilasan luba. Ki wanke atamfar kafin ki kai wa tela, auduga na shiga a wankin farko. In tagar na kallon yamma, sa shafi na farin yadi mai arha daga kasuwar Kejetia a baya, shi zai sha rana a madadin atamfar.

*Ina so in shimfiɗa ledar ƙasa a kan siminti. Akwai matsala? Mai karatu, Alabar.*

Yi gwajin ledar da muka faɗa a amsar farko, amma a ƙasan ɗakin. In ƙarƙashinta ya jiƙe, ledar ƙasa za ta tara ruwa a ƙarƙashi, ɗaki ya riƙa wari, gara ka tsaya a tabarma da za a iya ɗagawa a shanya. In ta fito a bushe, cike ramuka da siminti, share tsakuwa tas domin ƙwaya ɗaya kan huda leda, ka shimfiɗa ta kwana ɗaya ta saki kafin ka datse gefuna.